Muhawara: zaman jira ne ke jefa ma'aikaci caca, ko halinsa ne?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Jiya a majalisarmu ta Tudun Wada wani ya ce cacar ƙwallo ta waya a nan Gusau ta fi cin masu aiki a kan masu zaman kashe wando, amma masu irin aikin da ba a san lokacin farawa da na tashi ba: masu gadi, direbobi, 'yan aikin dare. Wai zaman jira ne ke kai su. Ni dai ban gamsu ba.

Malam Na Ƙaura: Wa alaikumus salam. Kada ma ka gamsu. Caca kwaɗayi ce da son banza. A Suratul Ma'ida aya ta 90 Allah Ya haɗa ta da giya, Ya kira ta ƙazanta daga aikin Shaiɗan, kuma bai ce ban da mai aikin dare ba. Iyayenmu sun kwana gadin gona da carbi a hannu.

Direban Ɗansadau: Allah gafarta Malam, ba wanda ya ce halal ce. Amma leƙo Tashar Magami ka gani. Mun gama lodi, sai jiran rakiyar sojoji, wani lokaci kwana biyu, wani lokaci har mako. Ba ka isa ka tafi gida ba, don kowane lokaci ana iya cewa a tashi. Kuɗin mai da na hanya duk suna cikin waya. Ina da yaron mota, mai sallah a kan lokaci, ko sigari bai sha. Ran nan na same shi kwance kan tabarma ƙarƙashin mota, waya bisa ƙirji, yana buga irin ƙwallon nan na kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintoci a sake sabo. Da naira ɗari ya fara. Kafin la'asar kuɗin da na ba shi ya sayo baƙin mai sun tafi. Ranar da muke kan hanya ko tuna wayar bai yi.

Malam Na Ƙaura: To ai ka faɗa da bakinka, amana ya ci. Kai da kuke jira tare me ya sa ba ka buga ba?

Direban Ɗansadau: Ni ƙaramar waya ce da ni, Malam. Kada ka yabe ni da yawa.

Anti Nas: Bari in sa baki, ni da na shekara goma ina duti. Malam na da gaskiya ta wani gefe, amma bai san ƙarfe biyun dare a asibiti ba. An gama ba da magani, marasa lafiya sun yi barci, kai kuma ba dama ka runtsa. Gida kowa ya kwanta, babu wanda za ka kira. Mutumin da bai samu barci ba kansa ba ya auna hasara yadda ya kamata, shi ya sa wanda da rana ba zai saka dubu ɗaya ba, da asuba sai ya zuba dubu goma wai zai fanshe. Abin da ya fi damuna, mai sauya duti ba shi da majalisa. Yau yana safe, jibi yana dare, babu abokin da zai lura ya canza. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtukan da ake dubawa.

Baban Ummi: Anti, in mun kira ta cuta ba mun ba su mafaka ba ke nan?

Anti Nas: Ciwon suga ma cuta ne, Yaya, kuma ba ya hana a ce wa mutum ya bar shan zaƙi.

Tica: Ni lissafi kawai zan kawo. Yaran nan suna haɗa wasa goma a tikiti ɗaya. A ce kowane wasa damar cinsa 70 cikin 100 ce, to damar duka goman su shiga ba ta kai 3 cikin 100 ba. Shi ya sa kullum kuke jin "wasa ɗaya ne ya yanke min". Wanda ke da awa shida na zaman banza sau nawa zai gwada? Yawan gwaji ne ke cinye shi.

Malam Na Ƙaura: To ga hujja. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, Gusau ta yi kusan wata babu sabis, har Funtua mutane ke zuwa su yi kira. Zaman jira na nan, aikin dare na nan, cacar kuma ta tsaya. Ashe ba jadawalin aiki ba ne.

Direban Ɗansadau: Ta tsaya a waya dai. A tasha karta ta dawo bayan motoci, da kuɗi a ƙarƙashin tabarma. Sai dai ita karta tana buƙatar mutum uku ko huɗu, ana jin kunya, ana tsoron Hisba. Ta waya kuwa kana sahun gaba a masallaci ba wanda ya sani.

Tica: Hujjar nan ta 2021 kowa cikinku na iya jan ta gefensa, ni dai na ga ta fi zama ta Direba.

Ɗan Auta: Yayyena, na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Ni mai gadi ne, awa 24 a bakin ƙofa, awa 24 a gida. Watan jiya albashi ya shigo ƙarfe tara na dare ina bakin aiki, kafin kiran assalatu saura dubu huɗu. Na ce wa maiɗakina ba a biya ba. Ranakun da nake gida ban cika bugawa ba, yara na kaina. Malam, ban ce ba laifina ba ne. Amma daren nan yana da tsawo.

Malam Na Ƙaura: Subhanallah. Ƙanena, ban san da kai nake magana ba. Ka same ni bayan isha'i ranar hutunka. Ra'ayina dai bai canza ba.

Anti Nas: Auta, ranar albashi ka tura kuɗin asusun matarka tun kafin ka fita, ka bar babbar waya a gida. Yaushe ne dutinka na gaba?

Ɗan Auta: Yau ne, Anti. Kuma akwai wasa ƙarfe takwas.

Direban Ɗansadau: Ƙaramar wayata na nan, zo ka amsa kafin magariba in ba a ce mu tashi ba.