Ta ina bayanan yara suke zurarewa a waya?

Maman Yara: 'Yan'uwa masu saita wa yara waya, ta ina aka fi kwasar bayanansu, kuma me kuke fara rufewa?

Mai Gyaran Waya: Hajiya, ɓarakar daga ranar haihuwa take farawa. Dokar COPPA ta Amurka, ta 1998, ta hana tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba sai da izinin iyaye, shi ya sa manhajoji suke tambayar shekaru. Sai ka ga an ƙara wa yaro shekaru don asusu ya buɗu. Shi ke nan an mayar da shi babba: a bi abin da yake kallo, a jero masa talla. Maimakon haka, a buɗe masa asusun yara ta Family Link, manhajar Google da iyaye ke kula da wayar yara da ita, da shekarunsa na gaskiya, a saita yadda ba zai sauke komai ba sai an amince daga wayar iyaye.

Malamin Kwamfuta: Haka ne, Malam. Sai kuma izinin da ake ba manhajoji. A shiga saiti a bi manhajojin ɗaya bayan ɗaya. Me ya haɗa wasan tseren mota da makirufo ko lambobin mutane? A kashe. Izinin sanin wurin da ake kuwa, a bar shi ga manhajar taswira kawai, lokacin amfani. A Android a goge lambar talla, wato lambar da masu talla ke gane wayar da ita, a iPhone a hana manhajoji bin sawu. Matsalar ita ce yaro yakan danna amincewa ba tare da karantawa ba don wasa ya ci gaba, saboda haka a riƙa dubawa duk wata.

Malama: Ku yi haƙuri, mu iyaye ma muna da hannu. Hoton waya yakan ajiye bayanin wurin da aka ɗauke shi a cikinsa. WhatsApp yana goge wannan idan an tura shi a matsayin hoto, amma in an tura a matsayin fayil, da shi yake tafiya. Ga bajen makaranta a ƙirjin riga, kowa na karantawa.

Malamin Kwamfuta: Kada kuma a dogara da saitin da manhaja ta zo da shi. A 2023 hukumar kare bayanai ta Ayalan ta ci TikTok tarar Yuro miliyan 345, har da laifin barin asusun matasa a buɗe ga kowa tun farko. A mayar da asusu na sirri, a rufe saƙon baƙi.

Maman Yara: Na gode. To asusun da aka riga aka buɗe da shekarun ƙarya fa, gyara shi ake yi ko gogewa?