Me za mu kira kwanon da ake ce wa "coated"?

Mai neman kalma, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Za mu sake rufin Islamiyyar unguwarmu, kuma ni aka ɗora wa rubuta takardar neman gudummawa da Hausa. Mai sayar da kaya ya kawo farashi kala uku, kowanne da kalmar "coated" a jikinsa. Na rubuta "kwano mai fenti", sai kafintanmu ya ce in goge, wai ba fenti ake nufi ba. To in ba fenti ba ne, mene ne sunansa da Hausa? Ba na son in tsaya gaban dattawa ina karanta abin da ni kaina ban gane ba.

Tsohon kafinta, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafintanku ya yi gaskiya. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma shi ne mafi ƙarancin aiki. Asalin kwanon ƙarfe ne, shi kuwa ƙarfe tsirara a Legas ba ya kai labari. Abin da ake yi a masana'anta, ana tsoma shi cikin narkakkiyar tutiya ta kama jikinsa ciki da bai. Tutiyar nan ita ke fara cinyewa kafin tsatsa ta kai ga ƙarfen, ko da an ɗan karce wurin. Wannan shi ne wanda 'yan kasuwa ke ce wa galbanayiz. Akwai kuma Aluzinc, wanda aka haɗa tutiyar da sanholo, wato alminiyon a bakin yaran yanzu. Sai a zo a shafa fenti a sama, ko ma a ƙi shafawa. Ni a Kano na koyi sana'a, inda kwano ke tsufa da mai gida. Can abin tsoro shi ne iskar farkon damina ta yaye rufi. Da na zo nan na ga kwano ya yi ja kamar an yayyafa masa manja alhali mai shi bai gama biyan bashin gini ba.

Malamin Hausa, Obalende:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Tunda haka ne, ai muna da hanya tun ta kaka da kakanni. Zoben da aka tsoma a zinari me muke ce masa? Mai ruwan zinari. Don haka galbanayiz sai ya zama "kwano mai ruwan tutiya". Na gama-garin kuma, "shafaffen kwano".

Hajiya mai gidajen haya, Ajah:
Malam, ka yi haƙuri, amma ni aka ce mini ga kwano mai ruwa, wallahi ko kyauta ne ba na so. Ruwan ne fa muke gudu! Kuma ka san mutanenmu, kwana biyu za su yanke "tutiyar" su bar "mai ruwa". Shafaffen kuwa, shafaffu da mai kawai yake tuna mini.

Malamin Hausa, Obalende:
Hajiya kin kashe ni da dariya. Na janye "ruwa". Amma "shafi" fa yana da hujja.

Tsohon kafinta, Idi-Araba:
Shafi shi ne zai sake mai da mu gidan jiya. Duk wanda ya ji shafi, burushi da gwangwanin fenti zai gani a ransa. Nan ne kuma ake cutar mutane. A kawo maka kwano mai sheƙi, kore shar ko shuɗi, alhali abin da ke ƙarƙashin fentin bai taka kara ya karya ba.

Injiniyan gini, Ikeja:
Ina bayan Baba. Bari in sa lambobi don mai rubuta takarda. In kun ga Z275 a takardar kaya, ana nufin giram 275 na tutiya a kowace murabba'in mita, in an haɗa fuska biyun. AZ150 kuma giram 150 ne na haɗin alminiyon da tutiya. Haɗin nan kashi 55 cikin ɗari alminiyon ne, kimanin 43 da rabi tutiya, ɗan ragowar silikon. Kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ne ya fito da shi kasuwa a 1972 da sunan Galvalume. A fili, inda ruwan sama ke wanke shi, ya fi galbanayiz daɗewa. Amma yana da nasa rauni: ba ya shiri da ɗanyen siminti, ba ya shiri da tururin fitsari da kashin dabbobi. Mai rumfar awaki a Alaba Rago ko wanda ke kusa da turken shanu a Oko-Oba ya yi tunani kafin ya saya. Wanda kuma gidansa ke shan iskar teku kai tsaye, irin bakin Lekki, gara ya nemi alminiyon zalla. Gwajinsa babu wuya, mayen ƙarfe ba ya kama shi.

Wannan ya sa nake ganin kalmar da za mu zaɓa dole ta bar wurin da za a faɗi *da me* aka rufe ƙarfen. Kalma ɗaya dunƙule ba za ta yi ba.

Ɗalibi, Mile 12:
Me zai hana "lulluɓaɓɓen kwano"? Ko mu ce "koted" kawai mu huta, kamar yadda muka karɓi siminti da bulo.

Malamin Hausa, Obalende:
Ƙanena, lulluɓi ana yaye shi, wannan kuwa ya zama jiki ɗaya da ƙarfen. Aro kuma ba laifi ba ne, shi kansa "fenti" ai aro ne. Sai dai siminti abu ɗaya ne, ka faɗa kowa ya gane. "Koted" fa? Yau ma ga shi abu uku ya rufe wa ɗan'uwanmu na Agege.

Tsohon kafinta, Idi-Araba:
To ku saurara. Wanda ya taɓa kallon hawan sallah ya san barde yakan sa sulke, sannan ya ɗora riga. Rigar ta ado ce, sulken ke tare mashi. Ku ce "kwano mai sulke". Fentin kuma riga.

Hajiya mai gidajen haya, Ajah:
Wannan kam ta zauna, Baba! Har na ji yadda zan tambayi mai kaya: bar zancen riga, sulken na mene ne, kuma giram nawa?

Malamin Hausa, Obalende:
Na miƙa wuya. Kuma ba baƙuwa ba ce a kunne, tunda muna cewa motar sulke. Ga yadda za ta rabu: mai sulken tutiya, mai sulken alminiyon da tutiya. Wancan mai ɓarzajjen dutse a sama da ake yawan ce wa Gerard, wanda asalinsa daga Niyu Zilan ne, sai mu ce mai sulke da rigar tsakuwa, ko a gajarce "mai tsakuwa". Abu ɗaya ke damuna. Yaro ɗan shekara 20 in ya ji "tutiya", alfahari zai fahimta, irin na "yana tutiya da kuɗinsa". Sunan ƙarfen ya kusa ɓacewa daga bakin mutane.

Ɗalibi, Mile 12:
Gaskiya ni ma yau na fara jin sa, Malam. Mu "zinki" muka sani.

Injiniyan gini, Ikeja:
Zinki a Legas ai kowane kwanon rufi ne, har wanda babu ko ɗigon tutiya a jikinsa. A bar tutiya, kunne zai saba. Kuma kalmar sulke za ta yi mana aiki wajen gargaɗi. Kada a yanka kwano da giranda, zafin yana ƙona sulken bakin, ɓurɓushin da ya zuba kuma ya yi tsatsa a kan rufin. A yi amfani da almakashin kwano, a share rufin bayan an gama. Ƙusa ma a nemi mai sulke mai robar toshe ruwa, don sau da yawa daga ramin ƙusa ɓarna ke farawa. Masu kafa kwano a bango kuma, irin shaguna da rumbunan ajiya, su riƙa watsa masa ruwa a ƙarƙashin inda rufi ya yi masa rumfa, domin nan gishirin iska ke taruwa ruwan sama bai kai ba.

Mai neman kalma, Agege:
Allah ya saka da alheri. Na rubuta: "bandir 14 na kwano mai sulken alminiyon da tutiya, kaurin milimita 0.45, mai koriyar riga." Na karanta wa liman, ya ce ya gane, amma ya tambaya ko na bangon bayan gida ma sulke za mu ce, tunda shi langa-langa ya sani.

Tsohon kafinta, Idi-Araba:
Ka ce masa langa-langa mai sulke. Kuma ranar da za a sauke kaya ka sa a auna kaurin a gabanka kafin ka sa hannu.