Musayar baitoci a kan karnukan da muka tsinta

Manomin Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karena Duna ya mutu makon jiya, bayan ya shekara 9 yana gadin gonata ta riɗi da dawa a nan Gadarif, gabashin Sudan. Na san wasu za su yi mamakin dattijo ya yi wa kare waƙa, amma ga abin da zuciya ta kawo, wanda yake da amsa sai ya bi amsa-amona.

Na tsinto shi a laka ran da aka sha ruwa,
Kwari na jan sa, ba mai waiwayawa.
Na naɗe shi cikin tsohon buhun riɗi,
Na dama kunu na ba shi, yana lasawa.
Tun daga nan ya riƙe mini bakin gona,
Biri da ɓarawo suka haƙura da dawa.
Yau in na yi sammako na isa bukka,
Ba sauran wutsiyar da ke mini kaɗawa.

Goggo daga Mai Wurno:
Allah ya mayar maka da alheri, ƙanena. Tawa karyar na same ta ne a gaɓar kogin Nilu da karyayyar ƙafa, yara suna jifanta. Mu da kakanninmu suka baro ƙasarsu, arewacin Nijeriya ta yau, bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, suka sami wurin zama a wannan gaɓa kusa da Sinnar, ba sai an koya mana tausayin wanda ya rasa gida ba.

Na ɗaure ƙafar da kara da tsumma,
Maƙwabta na ta dariya da zugawa.
Ta warke tana ɗingishi, ta bi awaki,
Ko ɗan akuya bai sake ɓacewa.
Da ta tsufa ni ke kai mata ƙanzo,
Har ranar da na kira ta, ba amsawa.

Malam daga Kassala:
Alhaji, kada ka ji kunyar wannan kewa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya sauka rijiya, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki har ya fito ya shayar da kare mai lallage, Allah kuwa ya gafarta masa. Shari'a ta halatta kare domin gona da kiwo da farauta, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki sau 7.

Wanda ya shayar da kare da huffi,
An yafe masa, ya sami tsirewa.
Duk mai ɗanyar hanta akwai lada kansa,
Haka Manzo ya faɗa wurin amsawa.
Sai dai a binne gawar nesa da rijiya,
Kada ruwan sha ya kai ga ɓatawa.

Ɗalibi, ɗan Wad Madani:
Baba Malam, jawabinka ya sa na faɗi abin da na daɗe ina ɓoyewa. Na tsinci nawa karen a bayan kasuwa, ƙazuwa ta cinye masa gashi, na yi ta shafa masa magani har ya murmure. Lokacin da muka gudu daga Madani saboda yaƙi a Disambar 2023, motar ta cika da mata da yara, babu yadda za a yi a ɗauke shi. Daga baya wani maƙwabcinmu da bai fita ba ya ce ya iske shi a mace a bakin zaurenmu, ya miƙe ƙafafunsa na gaba, sai aya ta 18 ta Suratul Kahfi, wadda ta ambaci karen mutanen kogo yana miƙe da ƙafafunsa na gaba a bakin kogon, ta faɗo mini.

Na zuba mai ruwa a kasko na ce zan dawo,
Ya bi motar da gudu har ya kai ga gazawa.
Ya koma zaure ya kwanta kan dokin ƙofa,
Yana gadin gidan da ba mai shigowa.

Manomin Gadarif:
Ɗana, na karanta naka sau uku, kuma nawa rashin ya zama ƙarami, domin ni na sami damar haƙa wa Duna rami da hannuna.

Na binne shi a gindin aduwar gona,
Inda yakan sha inuwa da tsakar rana, Allah shi ne mai sakawa.
Ka tambayi maƙwabcin nan naku ko ya binne shi,
Ka sanar da mu wurin, in ka samu komawa.