Jakar Barci Ga Mai Faɗin Kafaɗa

Wani abokinmu ƙaƙƙarfa zai je tsaunin Mambila da hunturu, sai ya kawo maganar jakar barci, wato wadda mutum ke shiga ya kwanta a cikinta don maganin sanyi, a majalisarmu ta Unguwar Rimi. Ga abin da na tsinta daga waɗanda suka saba kwanan daji.

Kusan kowa ya ce kuskuren mutane shi ne duba tsawo kawai. Ka sa tela ya auna kewayen ƙirjinka haɗe da hannuwa biyu, ka ƙara kamar santimita 20, shi ne kewayen jakar da za ka nema. In jakar ta matse ka, abin da aka cusa mata yakan danne, sanyi ya shigo ta kafaɗa da ƙugu. In ta yi maka yawa kuma, jikinka ba zai iya ɗumama iskar ciki ba.

An ɗan yi musu tsakanin jaka mai gashin agwagwa da mai audugar roba. Ni dai ina bayan ta roba saboda raɓa, don gashi in ya jiƙe ba ya riƙe ɗumi.

In a Kasuwar Barci ta Kaduna za ka duba wajen 'yan gwanjo, shiga cikin jakar, a zuge zif, ka juya ka gani. Ka haɗa da shimfiɗa mai kauri, ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki sosai.