Don Allah a agaza: me za mu kira bug da patch da Hausa? Asabar nake da aji

Ɗan Koyo: Salamu alaikum jama'a. Masu fassara da malaman Hausa na gidan nan a kawo min ɗauki. Ranar Asabar zan koya wa ɗalibaina yadda ake kai rahoton matsala a takardun bayanin Python, harshen nan na rubuta manhajar kwamfuta, da yadda mutum zai tura gyara da kansa, kuma na riga na yi musu alkawari wannan karon takardar darasin da Hausa za ta zo, to tun shekaranjiya na maƙale a kalma biyu, bug da patch. Na fara sa kuskure a wajen bug sai na tuna ai na riga na kashe kuskure a kan error, wato jan saƙon nan da Python ke watso maka in ka manta rufe baka-biyu ko ka raba lamba da sifili. Kuma ba abu ɗaya ba ne, bug kan zauna shiru ba saƙo ba komai, amsar ce kawai ke fitowa a karkace. Zuwa daren Juma'a nake so in buga takardar.

Mai Kod: wa alaikumus salam. ƙwaro mana, me ya yi zafi. ma'anarta ke nan kuma har labari gare ta, 1947 ne masu aiki da kwamfutar Mark II a Harvard suka ciro wani faɗa-wuta da ya maƙale a cikin na'urar suka manna shi da salatif a littafin aikinsu, littafin yana gidan tarihi na Smithsonian a Amurka har yau. yara za su so labarin

Mai Rediyo: To ashe ba faɗa-wuta ba ne, malam-buɗe-littafi ne, tunda a littafi ya ƙare hhhh

Anti Mai Fassara: Ƙanina Mai Kod, gwada jam'in ka ji. Rubuta min "wannan manhajar tana da ƙwari" ka ba wanda bai san zancen ba ya karanta. Cewa zai yi yabonta kake, wato tana da ƙarko ba ta lalacewa da wuri, alhali kai kana nufin cike take da matsala. A baki karin sauti zai raba su, a rubuce babu mai raba su. Ga kuma ƙwaro na yabo, in aka ce wane ƙwaro ne a Python ai ba ana nufin a cire shi ba ne. Sannan labarin 1947 ɗin ma, injiniyoyi suna cewa bug tun kafin nan, Thomas Edison ya rubuta ta a wasiƙa a 1878, abin da ya sa mutanen Mark II suka manna ƙwaron ke nan, raha suke yi wai yau ga na gaske. Ni tangarɗa nake sawa.

Mai Kod: kai, wlh ban taɓa lura da ƙwari da ƙwari ba. na janye jam'in amma ban janye tilon ba

Ɗan Koyo: Anti tangarɗa ta zo min a rai, abin da ya hana ni shi ne rabin darasin a kan takardun bayani ne ba kan injin harshen ba. A wajen mutanen Python in an rubuta kalma ba daidai ba a shafin bayani, ko an bar tsohon misali, shi ma bug suke ce masa, a ƙasan kowane shafi ma akwai linki da ke tambayarka ko ka ga bug. To harafi ɗaya da ya faɗi a jimla tangarɗa ne?

Anti Mai Fassara: Harafin da ya faɗi tuntuɓen alƙalami ne, muna da sunansa tuntuni. Amma duba tsohon misalin da ka ambata. A ce shafi ya nuna print "sannu" babu baka-biyu yadda ake yi a Python 2, ɗalibi ya kwafa ya liƙa a Python 3, abu ya ƙi tashi, ya kwana yana zargin kansa. In wannan ba tangarɗa ba ce ban san mece ce ba.

Malam Nahawu: Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma da izininku zan ce ba a kama hanya ba. Tangarɗa abin da ido ya gani ne, wuta ta ɗauke tangarɗa, sabis ya yanke tangarɗa, makirfo ya yi ƙara a taro tangarɗa. Shi kuwa wannan abu kamar yadda yaron nan ya siffanta shi tun farko, a ɓoye yake zaune sai ranar da aka taka shi. Harshenmu yana da ma'aunin da ke ƙera irin wannan suna. Da aka zauna yi wa nahawu kalmomi ba a aro verb da adverb na Turanci aka ce bab ko adbab ba, aka ce aikatau, aka ce bayanau. Saboda haka sunansa ɓoyau. Na fi shekara ina amfani da ita a rubuce-rubucena. Mai neman sa kuma matono, aikin kuma tono.

Mai Rediyo: Allah gafarta Malam, in na ce a iska "an gano ɓoyau uku a sabuwar Python" wallahi masu saurare za su ɗauka 'yan gudun hijira aka kama a ƙarƙashin mota

Malam Nahawu: Ranar da aka fara cewa aikatau ma an yi dariya. Ku 'yan jarida ku ne kuka cika mana kunne da aron da babu dalili.

Mai Kod: malam da girmamawa, aikatau ta zauna ne saboda an sa ta a littafin makaranta an yi jarrabawa da ita, wanda bai haddace ba ya faɗi. wa zai kayar da ni jarrabawa in ban ce ɓoyau ba? kuma ba duk bug ne ke ɓuya ba, wani da ka buɗe shafin zai mare ka, linki ya mutu, tebur ya wargaje saboda manhajar Sphinx da ke gina shafukan ba ta gane abin da aka rubuta a fayil ɗin rst, wato ainihin rubutun shafin, ba. wannan ai bayyanau ne ba ɓoyau ba

Malam Nahawu: Yaro, ka iya gatse. Da ka iya Hausa kamar yadda ka iya gatse da mun huta.

Maƙwabci: Sannunku. Mu da muka yi boko da Faransanci bogue muka tarar, Faransawa sun ɗauko kalmarsu ta ɓawon wani ɗan itace mai ƙaya da ta yi kama da bug a kunne suka ɗora mata, patch kuma suka ce correctif. Duk da haka ka shiga cikin masu rubuta kod nasu bug za ka ji suna cewa. Su da ke da hukumomi da kuɗi ke nan. Ni a ganina ɓaraka ta fi duka, ɗinki ne ya buɗe, kuma ta zo da maganinta a hannu, ɗinke ɓaraka.

Anti Mai Fassara: Ɓaraka tana da daɗi har na kusa sauya ra'ayi, sai na tuna rabin ɗalibansa babu ƙugiya a kibod ɗin wayarsu. Za su rubuta "na samu baraka a Python" a yi ta yi musu barka.

Malam Nahawu: To ga irinta nan. Sai mu yar da kalma saboda ragwancin mai waya? Larabawa sun bar harafinsu ne don kibod? Masu Swahili suna can suna fassara manhajoji, mu muna nan muna jin kunyar ƙugiya. Wanda bai iya rubuta ɓ ba ya je ya koya.

Mai Rediyo: Malam ai ɓoyau ɗinka ma boyau za ta koma

Mai Kod: ni abin da ke ba ni haushi da zancen nan na kishin harshe, duk wanda ya fi ɗaga murya bai taɓa tura gyaran ko waƙafi ɗaya ba. Python ta buɗe ƙofar fassara takardunta tun 2017 da takardar ƙuduri ta PEP 545, akwai Faransanci akwai Japananci akwai Sifaniyanci da Koriyanci, mutane ne suka zauna da fayilolin fassara na po suna bi jimla jimla kyauta. da surutu ke fassara da mun riga kowa

Malam Nahawu: Wanda zai zauna da fayil ɗin da wace kalma zai cika shi in ba mu ƙera ba? Ko da "ƙwari" zai cika?

Ɗan Koyo: Don Allah Malam, don Allah Yaya Mai Kod, a yi haƙuri, Laraba ce fa yau kuma ko patch ba mu taɓa ba.

Mai Kod: faci. an gama

Malam Nahawu: Faci ai patch ɗin ce ta sa hula. Maho muke da shi.

Anti Mai Fassara: Allah gafarta Malam, a nan kam ba zan bi ka ba. Faci ta daɗe da zama 'yar gida, ba wanda zai ji ta ya ce baƙuwa ce, kuma hoton da ke cikinta shi ne ainihin hoton. Zamanin da ake huda kati da tef na takarda a ba kwamfuta umarni, in an huda inda bai kamata ba liƙe ramin ake yi da ɗan guntun takarda ko salatif, daga nan sunan ya fito. Maho kuwa yaran yanzu da yawa sai ka yi musu bayani, ka ga an koma fassara fassara. Damuwata ɗaya da su biyun, duk suna ɗauke da ƙanshin aikin wucin gadi, kamar a lallaɓa a kai gida, alhali abin da ake turawa Python gyara ne na dindindin da sai an tantance shi.

Mai Kod: anti to a raba. faci shi ne abin da kake turawa, gyara shi ne abin da ya faru bayan an karɓa. don facin abu ne da za ka iya buɗewa ka gani, layin da aka cire da alamar debewa a gabansa ja, wanda aka sa da alamar tarawa kore, ko da harafi ɗaya ka canza layin gaba ɗaya zai fito sau biyu, tsoho a sama sabo a ƙasa. Larry Wall mai harshen kod na Perl ne ya rubuta manhajar da ake kira patch a 1985 don ɗora irin wannan fayil a kan kod. yanzu dai tunda CPython, wato ainihin injin Python, ta koma GitHub, shafin da ake ajiye kod, a 2017 ba a manna fayil, pull request ake buɗewa, wato ka nemi a haɗe facinka, ka sa hannu a yarjejeniyar masu ba da gudummawa sau ɗaya, wani ya duba ya ce gyara nan gyara can, in an haɗe kuma akwai bot, 'yar manhaja mai aiki da kanta, da ke kai facin sigogin Python da suka gabata

Ɗan Koyo: Wayyo ga wata kuma, pull request. Da issue, abin da ake buɗewa in an ga bug. Da tracker, inda ake tara su.

Mai Rediyo: Issue koke ne. Ko ƙorafi.

Anti Mai Fassara: A'a, kar ka koya wa yara cewa ƙara suke kaiwa, da wannan zuciyar ake shiga a rubuta "abinku ba ya aiki" a fita. Masu duba abin nan yawancinsu sa-kai ne. Rahoto ya isa. Kuma ka sa musu a takardar abin da rahoto ke ɗauka: wace Python ce, 3.12 ko 3.13, a kan Windows ko Linux, me ka yi, me ka sa ran gani, me ka gani, da ɗan gajeren misali da wani zai kunna abin ya sake faruwa a gabansa. Su fara bincikawa ko wani ya riga su. In kuma kafa ce ta tsaro ba a baza ta a fili, a asirce ake tura wa masu kula da tsaron.

Mai Kod: ka kuma gaya musu 0.1 + 0.2 da ke ba da 0.30000000000000004 ba bug ba ne, haka lissafin ɗigo yake a binari, ƙirgen sifili da ɗaya na kwamfuta, akwai shafi guda a takardun da aka ware don shi. an gaji da rufe wannan rahoton. kuma tsohon wurin bugs.python.org an daina buɗe sabo a can tun 2022, kar su ɓata

Malam Nahawu: Kun ga? Abu ya fito a karkace, ido ya ga tangarɗa, amma babu ɓoyau a ciki. Da kalmata an rarrabe, da taku an cakuɗa. Na gode da ka kawo min hujja da hannunka.

Anti Mai Fassara: Gaskiya wannan ta shiga, Malam. Ban da amsa mai kyau. Sai dai in ce ɗalibi zai gane "wannan ba tangarɗa ba ce, haka aka gina shi" ba tare da an buɗe masa ƙamus ba.

Ɗan Koyo: To ga abin da zan buga, wanda bai gamsu ba ya yafe ni. Error kuskure. Bug tangarɗa, amma karon farko da ta fito zan rubuta kalmar Turancin a gefe don in sun shiga GitHub ita za su gani. Na rubutu zalla tuntuɓen alƙalami. Patch faci, issue rahoto. Pull request na sa "neman a haɗe faci", ya yi tsawo na sani. Tracker na bar shi kundin rahotanni duk da bai kwanta min ba. Malam zan ambaci ɓoyau a aji in ji abin da za su ce.

Malam Nahawu: Ambato ba amfani ba ne. Amma ka sa mata ƙugiyarta, kuma ka faɗa musu daga ma'aunin aikatau ta fito. Faci kuwa ban yarda ba, na dai yi shiru.

Mai Kod: ni dai a kod ɗina ƙwaro zan ci gaba da cewa. guda ɗaya ɗaya

Maƙwabci: Ba wanda ya ce komai a kan debugging fa, aikin nemo bug a cire shi.

Ɗan Koyo: Wannan darasin mako mai zuwa ne, don Allah kar a tayar da shi yau.

Malam Nahawu: Tono. Na riga na faɗa a sama.