Wace kalma za mu ba "biocompatible" a na'urar HPLC?

'Yan uwa masu aikin ɗakin gwaje-gwaje, ina neman shawara. Ina shirya wa ɗalibai bayani da Hausa kan na'urar HPLC, wadda ke tura ruwa da ƙarfi don rarrabe sinadaran da ke cakuɗe, sai kalma ɗaya ta tsaya min a wuya: biocompatible.

Wani abokin aiki ya ce in rubuta "mai jituwa da jiki". A asibiti wannan daidai ne, domin can ana maganar ƙarfen da ake dasa wa mutum a ƙashi jikinsa ya karɓa. Amma bututun HPLC ba ya shiga jikin kowa. Abin da ake tsoro shi ne ya ɓata samfurin da ke bi ta cikinsa.

Wanda ya taɓa gwajin furotin ya san ciwon. Ƙarfe mara tsatsa, wanda aka saba yin bututun da shi, yana jure matsi sosai, amma furotin da sinadarai masu fosfet kan liƙe a bangonsa, ruwan gishiri kuma ya riƙa cinsa a hankali har ya saki ɓurɓushin ƙarfe. Ka zuba samfur cikakke, ya fito da giɓi.

Shi ya sa aka koma ga PEEK, wata roba mai tauri da kamfanin ICI na Ingila ya samar a 1978. Ita ba ta taɓa furotin, da hannu ma ake ɗaure ta. Sai dai ƙarfinta na ƙarewa a wajen bar 400 (bar ma'aunin matsi ne), alhali sabbin na'urori kan haura bar 1,000. Iskar tayar mota fa bar 2 ce da 'yan kai. Dabarar da aka yi: a shimfiɗa PEEK a ciki, a lulluɓe da ƙarfe a waje, ko a yi bututun da ƙarfen taitaniyam.

Na fara tunanin "ɗan ba-ruwanmu", tunda ba ya shiga harkar sinadarai. Na fasa, domin ɗalibi zai ji kamar sakaci ake nufi.

Inda zuciyata ta kwanta shi ne "bututu mai amana". Abin da ka damƙa masa, shi zai kai maka, bai ci ba, bai ƙara ba. Cikakken sunan sai ya zama "bututu mai amana mai jure matsi".

Saura abu ɗaya da ke damuna. PEEK kan kumbura idan ta haɗu da ruwan narkar da sinadarai irin su THF ko DMSO, wato amanarta ga furotin ce, ba ga kowane ruwa ba. Shin mu ƙara mu ce "mai amanar furotin", ko ya yi tsawo a bakin ɗalibi?