Masu zaman Lokoja ku zo mu yi maganar sayen gida

Abban Safiya: Salamu alaikum jama'a. Aiki ne ya dawo da ni Lokoja, yanzu haya nake a Lokongoma amma na gaji da biyan kuɗin haya gaskiya. Dillali ya nuna min wani gida a Ganaja, ɗaki uku da falo, fenti sabo fil, daga bayan gidan kana hango ruwa, kuɗin kuma ya yi araha har abin ya ban tsoro. Akwai wani kuma a tsohon gari wajen Kabawa, shi ginin da ne. Don Allah waɗanda suka zauna ku faɗa min abin da kuka gani da idonku.

Maman Walid: Wa alaikumus salam. Malam wannan sabon fentin shi zai sa ka tsaya. Mu a Ganaja muke zaune lokacin ambaliyar 2022, da kwalekwale muka fita daga layinmu wallahi, katifu da buhun shinkafa da takardun makarantar yara duk muka ɗora a kan silin, ruwan ya kai taga ya zauna sai da ya ga dama ya janye, da muka dawo ga laka har idon sawu ga wari, tayil ya ɗaɗɗago, wayar lantarki kuma sai da aka sake zuba ta gaba ɗaya. Kar ka duba gidan da za a sayar maka, katangar maƙwabta za ka duba wacce ba a shafa ba, za ka ga zanen ruwan a jiki kamar an ja layi da alli.

Ɗan Kabawa: Hajiya ta faɗi gaskiya. Dillalai da rani suke ciniki, Fabrairu da Maris kogi ya ja baya yashi ya fito ko'ina ya yi kyau. Ka bari sai ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ka je. Nan fa kogin Neja da na Binuwai suka haɗu, damina ta cika su, in aka ƙara da sakin ruwan dam ɗin Lagdo na Kamaru sai Allah. Haka aka yi a 2012, hanyar Abuja ma ta yanke. A 2022 wajen Koton Karfe tankoki suka yi ta kwana a hanya har mai ya yi wuya a Abuja.

Maganar Kabawa kuma, nan aka haife ni, ba zan kushe ta ba. Ka fito da asuba masallaci na kusa, Banufe da Bahaushe da Bayarabe da Kakanda duk an zama dangi, ga kabarin Sarkin Kano Alu da Turawa suka kawo nan ya rasu a 1926, ga na Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, Kanawa na zuwa ziyara har yanzu. Amma gidajen yawanci na gado ne. Wanda zai sayar maka ɗaya ne cikin magada ashirin, wasu na Kaduna wasu na Legas. In ba a raba gadon ba ko ba ka ga sa hannun kowa ba, riƙe kuɗinka. Kuma ɓangaren da ya gangara bakin ruwa shi ma yana sha.

Baba Mai Ritaya: Ni abin da ya ci min kuɗi takarda ce ba ruwa ba. Na sayi fili da yarjejeniyar hannu da shaidu, na fara gini wani ya zo da tasa takardar, muka yi ta zarya kotu har na haƙura na sake biya. Yaro ka ɗauki lauya ya bincika maka a ofishin filaye kafin ka ba da ko sisi, ka tabbata akwai takardar mallaka ta gwamnati. In kuma wurin dab yake da kogi ka tambaya ko ya shiga mita 100 na bakin ruwa da ke ƙarƙashin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, hedikwatarsu ma a nan garin take.

Abban Safiya: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To wace unguwa ce ruwa ba ya zuwa?

Anti Nas: Yaya ka nemi tudu kawai, Lokongoma inda kake ɗin ma ai da sauƙi, ko wajen Felele, ko gefen da ya hau gindin dutsen Patti. Sai dai ba wanda ya faɗa maka zafi. Ni 'yar Sakkwato ce na ɗauka na san zafi, ashe namu busasshe ne, na nan ga rana ga gumi, ka yi wanka ka fito kana jiƙe. Duk gidan da za ka saya ka duba tsayin silin da tagogi, ka ware kuɗin sola daga farko don fanka, ka sa raga a taga saboda sauron bakin ruwa ba ya wasa. Amma kifi kam, ka je kasuwar Kpata da safe lokacin da masunta ke sauke kaya, tarwaɗa tana motsi a daro, tun da na zo ban ƙara sayen na kankara ba.

Maman Walid: Kuma duk da abin da ya same mu maigida ya ƙi sayarwa fa, wai iskar yamma ta bakin kogin ba ya samun ta ko'ina. Abin da muka yi, an ɗaga soket soket sama, an yi kanta ta siminti a sito, in Satumba ta kama kayanmu a ɗaure suke muna sauraron rediyo.

Abban Safiya: To na ji. Zan ce wa dillalin ya bari sai Oktoba mu koma tare.

Ɗan Kabawa: Hhhh in ya ɗauki wayarka a Oktoba ka zo ka ba mu labari. Ka tafi da takalmin roba dai.